Katunan da Ke Kan Igiyar Auta

Da sassafe Baba, tsohon mai awon filaye da ya ajiye aiki, yana falo yana jiran ruwan shayi ya tafasa, sai 'yarsa Auta ta leƙo da buroshi a baki ta ce rediyonsa ya cika ƙara. Ya rage. Tana juya baya ya mayar da shi yadda yake.

Auta ma'aikaciya ce a wani ƙaramin kamfani mai haɗa ƙamus na Turanci da Hausa, kuma a gida take yin yawancin aikin. Ta ɗaura igiyar shanya a ɗakinta, daga ƙarfen taga zuwa ƙusar da ke bayan ƙofa. Duk kalmar da aka ba ta, sai ta rubuta kowace ma'ana a kati guda da jan biro ta maƙala a igiyar da maƙalin shanya. Ma'anar da ta fi tsufa ce a bakin taga, 'ya'yanta da jikokinta na biye har ƙofa. Ba ta sa wa katunan lamba. Ta ce in ta rubuta ɗaya a jikin kati, kunyar sauya masa wuri take ji.

Da hantsi ta kira shi ya zo ya gani. Makonni ke nan tana kan kalmar Turanci spring, katuna fiye da goma na lilo a igiya.

"Kalma guda fa, Baba. Zabura, marmaro, sifirin na mota, har da lokacin da itatuwa ke toho bayan sanyi a ƙasar masu harshen. Tushensu ɗaya, abin da ya ɓullo da ƙarfi."

"To su Turawan nan kalmomi ne suka ƙare musu?"

"Rowa ce kawai."

Mama ta ɗaga murya daga baranda: "In kun gama shanyar takardu, ni zannuwa ne da ni a bokiti."

Auta ta ce biyu ne suka hana ta sakat, sifirin da lokacin toho, kullum sai ta musanya musu wuri, amma yau ta yanke wanda ya girmi wani. Baba ya ji an fara labarai a rediyo. Ya ce ta bari sai anjima ta nuna masa.

Da rana ta ci abinci a tsaye, Mama na yi mata faɗa. Da la'asar ta ɗauki wani littafi da ta aro a ofis za ta mayar, ta tambaya ko akwai saƙo. Mama ta ce ashana. Dab da magariba wayar Baba ta yi ƙara. Motar hayar da ta shiga ce ta yi karo da babbar mota. Kafin ya isa asibiti rai ya yi halinsa.

Gida ya cika da masu gaisuwa, wanki ya taru. Goggo, yayar Baba, ta nemi maƙalan shanya ta rasa, sai ta shiga ɗakin Auta ta tarar da su jere a igiya. Ta cire su. Ba ta zubar da ko kati ɗaya ba, ta tattara su tsaf ta ɗora kofi a kai don kada fanka ta kwashe. Baba ya shigo ya tarar da igiyar babu komai. Goggo ce ta dubi fuskarsa ta ce, "Ƙanena, ɓarna na yi ko?" Ya ce a'a, Yaya, wanki ai dole ne.

Bayan an watse, editan ƙamus ya zo ta'aziyya. Da zai tafi ya ce, cikin jin nauyi, an kusa kai littafin maɗaba'a. Fassarorin Auta suna jikin katunan, amma jerin shi ne aikin. In babu jerin, dole a ba wani ya sake kalmar tun daga tushe, kuma ba sunanta zai hau kai ba.

Baba ya baza katunan a kan teburin cin abinci. Ya buɗe tsohon ƙamus ɗinsa na jami'a, ya rufe, don ya san ba jerin wannan littafin ake nema ba. Yana cikin juya su ya lura jan biron ba ɗaya ba ne. A katin zabura ya koɗe ya koma ruwan hoda, a wasu kuwa yana nan jajir. Rana ce ta taga ta ci su, kowanne gwargwadon kusancinsa da ita.

Ya fitar da su baranda inda haske ya fi, ya riƙa gwada su biyu-biyu, Mama na riƙe masa gefe saboda iska. Zabura ya zo farko, marmaro na bi masa, sauran suka samu wurarensu. Biyu suka rage, sifirin da lokacin toho. Sun sha musayar wuri har launinsu ya zama ɗaya.

"Sa ɗaya gaba mana, Baban Auta," in ji Mama. "Wa zai sani?"

Ya ce bai taɓa kafa turken iyakar fili a inda bai auna ba.

Ya kai wa editan katunan a jere, biyun nan a haɗe da maƙali guda, ya faɗa masa abin da ya sani da abin da bai sani ba. Editan ya duba su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce za a buga da sunanta, a ajiye ma'anoni biyun a layi ɗaya.

Tufafinta an raba wa 'yan'uwanta mata. Littafin aron da aka tsinto a jakarta ya koma ofis, ashanar da ta saya wa Mama a hanya ta shiga kicin. Kwamfutar da take aiki da ita ta kamfani ce, sun aiko an karɓa. Maƙalan suna wurin Mama, tana shanya da su. Igiyar kuwa Baba ya ce a bar ta inda take.