Auren da Baba Ya Binne

Ranar da na sauke dashen lemo daga amalanken jaki a bakin gonarmu, Baba ya daɗe yana kallon 'yan itatuwan a cikin leda, sannan ya ce, "Wanga abu, da ganyenshi za mu yi tuwo?" Manomin gero da gyaɗa ne tun tasowarsa, kuma a wajensa duk shukar da ba ta shiga rumbu wasan yara ce. Ni kuwa na ga yadda masu garka suke loda buhunan lemo a Maraɗi, na rantse ƙasarmu ta Cake ma sai ta ba da nata. Da ƙyar ya yanka mini gefen gona ta wajen kwari, inda ruwa bai yi nisa ba, ya kuma gindaya sharaɗi: in damina huɗu ta wuce bai ga lemona a kasuwa ba, gero zai koma wurinsa. Na ce na yarda, don taurin kai a gidanmu gado ne.

Lemon mai aure ne. Mutumin da ya sayar mini ya kama hannuna ya ɗora a kan wani ɗan kumburi can ƙasan kara, inda aka haɗa reshen lemun zaƙi da gindin lemun tsami. Ya ce nan ne auren, in bar shi a sarari, kada ƙasa ta rufe shi, kada ruwa ya kwanta masa.

Babu abin da bai gwada ni ba. Gara ta fara, na bi ta da toka. Wata 'yar tsutsa ta shiga cikin sabon ganye tana zane, ganyen ya nannaɗe, na daka 'ya'yan bedi, wato dogon yaro, na jiƙa na fesa har hannuna ya yi ɗaci. Awakin maƙwabta ma sun ɗauka don su na yi wahalar, sai da na ɗaure darnin kara. Duk wannan Baba bai taɓa taka garkar ba. In ya wuce, kansa yake kawarwa kamar ya ga mai binsa bashi.

A shekara ta uku injin ban ruwa ya fara tari, na tafi ƙwadago Maraɗi don in samu abin gyara, na bar wa matata ban ruwa. Shekarar aka yi ɗarin da tsofaffi ke ba da labari. Ta aiko mini cewa ganye ya yi ruwan ɗorawa, sabon toho ya tsaya cak. Na ce ta yi haƙuri, zafi na dawowa za su farfaɗo.

Da na dawo na buɗe ƙofar garka, sai na tarar an yi aikin da ban sa ba. Kowane itace an tara masa ƙasa a gindi, tsibi mai kyau, an daddaɓe shi da bayan kalme, fartanyar noma, ruwa ya jiƙa shi sharkaf. Na tona ɗaya. Ɓawon ya yi baƙi ya tsage, wani danƙo kamar ƙaro yana tsiyaya daga auren. Raina ya ɓaci, na fara faɗa tun kafin in san da wa nake yi.

Matata ta sunkuyar da kai. "Baba ne," in ji ta. "Kullum da hantsi yana zuwa da kalmenshi. Na san ka hana, amma da wane baki zan ce ma surukina ya bari?"

Nan take na daina faɗan. Mutumin da ya ce ba ruwansa, ashe shi ne ya ga ɗari na cin shukar ɗansa ya kasa zama. Ya yi mata abin da ya yi wa gyaɗa da dawa duk rayuwarsa, ya tura mata ƙasa a gindi. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushi, kuma ban san wanne ya fi ba. Na durƙusa na ci gaba da tono da hannu.

A haka ya same ni. "Kai, mi kake yi? Na lulluɓe musu ƙahwa, kana yaye musu?"

"Baba, wagga shuka ba ta son ƙasa nan wurin," na ce, na nuna masa danƙon. "Nan ne auren. In aka binne shi ruɓewa yake."

Ya taɓa danƙon, ya murza a yatsa, ya dubi jerin tsibin da ya yi har bakin darni. Ya ajiye kalme ya durƙusa a itacen da ke kusa. Muka wuni muna warware aikinsa, ni ina kankare ɓawon da ya ruɓe da wuƙa ina shafa maganin ruɓa da na taɓa sayowa a kasuwar Mayahi, shi yana janye ƙasa.

Wasu sun warke da tabo. Da yawa sun bushe a tsaye, na sare su ina cije baki. Waɗanda suka rayu suka yi fure kaɗan, abin da na tsinka bai cika kwando ba, balle a yi zancen kasuwa. Damina ta huɗu ta zo ta wuce, sharaɗi ya cika, kuma Baba bai taɓa janye magana ba tun da na san shi. Ni dai ban fasa ban ruwa ba, na ce sai ranar da ya kore ni da bakinsa.

Da sabuwar damina ta kama, washegarin ruwan shuka na hango shi ya nufo garka da sungumi a kafaɗa. Na tsaya a ƙofa, na shirya maganar da zan roƙe shi da ita. Ya raɓa ni ya wuce, ya tsaya a gurbin itacen farko da na sare, ya fara sara. Ramin ya wuce na gero, ya ci gaba da haƙa.

"Baba, sharaɗin fa?"

"Na binne shi tare da auren," ya ce bai ɗago ba. "Tahi ka ƙaro dashe. Ka kuma zo ka gwada mini inda ƙasa za ta tsaya."