Kwanon Baffa Jauro

Har yau ranar nan ba ta fita daga raina ba, ranar da na tare allura a gaban Matiron, shugabar ɗakinmu, ni da ba ni da digiri. Shekara ashirin da biyu ina aikin jinya a ɗakin maza, a wani asibiti nan Jalingo. Karatuna bai yi nisa ba, shi ya sa yaran da na koya wa ɗaura bandeji su ke sa hannu a takardar hutuna.

Cikin damina aka kawo mana Baffa Jauro, dattijon Bafulatani daga wajen Sunkani, da ciwon suga. Ƙa'ida ita ce a yi masa allurar insulin, ya ci abinci, a rubuta. In aka yi allurar bai ci ba, sugan ya faɗi ƙasa, mutum yana iya tafiya. Kwana uku takarda tana cewa ya cinye. Kwana uku kuma yana jiƙewa da gumi, hannu na rawa, sai mun ɗura masa ruwan suga. In ka tambaye shi ya ce, "Jam," wato lafiya lau.

Sista Rifkatu, mai sabon digiri, ta ce na'urar gwaji ce ta lalace. Aka canza, babu abin da ya canza. Ni kuwa zargina ya tafi kan mai jinyarsa, wani Buba, shiru-shiru, ba ya barin bakin gado. Na ce a raina, mutumin nan jiƙo yake ba shi a ɓoye. Da ya fita alwala na bincike jakarsa. Carbi na samu da tocila. Duk da haka ban ɗauke ido ba.

Rana ta huɗu, bayan abincin rana, na ga kwanon Baffa ya dawo fes, amma yatsunsa a bushe, gemunsa ko ɗigon miya babu. Mai gadon kusa, Bitrus daga Mayo Gwoi, mai karayar ƙafa, yana kwance yana sakace.

"Bitrus, tuwon wa ka ci?"

"Baba ne yana ba ni kullum. In ƙi kyauta?"

Na juya wajen Buba. "Kai ɗansa ne?"

Ya sunkuyar da kai. "'Yarsa nake aure."

Nan na gane. Irin su Baffa ba sa kai loma baki a gaban suruki, ko yunwa za ta kashe su. Buba kuma, don ladabi, ya ƙi matsawa daga gadon.

Da Sista ta zo da allurar yamma na tsaya a gabanta. Ta kira Matiron. Na yi bayani.

"Malam Sale, a wane littafi ka karanta wannan?"

"A gemunsa na karanta, Matiron. Ki fitar da Buba, ki ja labule, ki gani."

Ta harare ni, amma ta yi. Tsohon nan ya cinye tuwo har ya suɗe kwano, ya tambaya ko da saura. Daga ranar gumi ya tsaya, bayan mako aka sallame shi. A rahoto aka rubuta cewa ma'aikatan ɗaki sun gano matsalar. Sunana bai fito ba. Na saba.

Ku ƙananan ma'aikatan jinya, takarda ta san kwano ya dawo babu komai, amma ba ta san wa ya ci ba. Kafin ku rubuta, ku dubi hannun mara lafiya, ku tambayi wane ne zaune a gefensa. Ku kuma yi hankali da zarginku. Nawa ya ceci Baffa, amma sai da ya fara sa ni buɗe jakar mutumin kirki, kuma har suka tafi ban iya faɗa wa Buba ba.