Akwatin da Baba Ya Buga wa Ƙusa

Abubuwa da yawa sun same ni a zaman aure da na karatu waɗanda sai an tuna mini nake tuna su, amma zancen akwatin nan kam, ko tsufa ya cinye mini hankali ba na jin zai fita daga kaina. Har gobe in na ji ana buga ƙusa a maƙwabta sai gabana ya ɗan faɗi.

Lokacin ina shekarar ƙarshe ta karatun koyarwa a Kafin Hausa, muna zaune da maigidana a ciki da falo a unguwar Limawa a Dutse. An ce kowane ɗalibi ya ƙirƙiro kayan koyarwa na kansa, ya zo ya gabatar a gaban malamai, wanda bai kawo ba kuwa sai baɗi. Wasu suka yanka kwali, wasu suka zana taswira. Ni da yake ban iya yin abu kaɗan ba, sai na ce akwati zan yi wanda ba a taɓa gani ba.

Falanki shida ne masu kusurwa huɗu, aka haɗa su da hinjis irin na ƙofa. In ka shimfiɗa shi a ƙasa, yara su kewaye shi suna ƙirga gefe da kusurwa, ga da'ira da mai kusurwa uku duk na zana da fenti. In ka tayar da gefunan ya zama akwatin zuba littattafai da alli. In ka rufe ka zura sakata biyu, ya zama kujerar da ƙato zai zauna. In an tashi kuma ka ninke shi kamar littafi ka jingine a bayan ƙofa. Wata uku ina zarya wurin kafinta, muna faɗa muna shiryawa, har ya rantse daga ni ba zai sake karɓar aikin 'yan boko ba.

Ranar Litinin za mu gabatar. Ranar Alhamis sai ga surukina, wanda muke kira Baba, ya zo daga Aujara ganin likita saboda ciwon gwiwa. Ni kuwa shekara biyu da aure ban taɓa haɗa ido da shi ba. Daga bayan labule nake durƙusawa in gaishe shi, ya amsa, shi ke nan zancenmu ya ƙare. Na shimfiɗa masa darduma, ya ce likita ya hana shi zaman ƙasa. Kujerun falonmu kuma irin masu lotsawa ne, in ya shiga sai an jawo shi. Sai maigidan, da rawar jiki, ya ɗauko akwatina ya ajiye masa.

Baba ya zauna, ya miƙe, ya sake zama. Ya ce, "Kai, wannan kamar an auna gwiwata aka yi ta." Maigidan da son burgewa ya ce ai bai ga komai ba, ya shiga buɗewa da ninkewa yana bayani kamar shi ya sha wahalar. Baba ya riƙe haɓa yana kallo, ya ce tunda yake bai taɓa ganin kujera mai hankali irin wannan ba.

To a nan ne bakina ya ja mini. Kowa ya san yadda ake yi: babba ya yaba abinka, ka ce ai nasa ne, shi kuma ya ce a'a, Allah ya yi albarka, kowa ya tashi da mutuncinsa. Daga bayan labule na ji muryata ta fita, "Ai taka ce, Baba." Na tsaya ina jiran a'a. Shiru. Can sai na ji ya ce, "Madalla, 'yata. Na gode, na gode. Allah ya ba ki masu yi miki." Da la'asar ya ninke abinsa da hannunsa, ya saƙale a hammata, ya hau mashin zuwa tasha. Ni da na yi wata uku ina fama don abin ya yi sauƙin ɗauka, ranar na ga amfanin aikina.

Ko ƙurar mashin ɗin ba ta kwanta ba na juya kan maigidan. Na ce, "Malam, sai ka bi shi ka karɓo." Ya kalle ni kamar na ce ya je ya mari liman. Ya ce, "In bi mahaifina in ce ya dawo da kyauta? Ni na ba shi? Ina ce muryarki na ji?" Na ce wa ya ɗauko masa tun farko. Ya ce shi zama ya ce a yi, bai ce a tafi da ita ba. Haka muka yi ta yi har tuwo ya huce. Washegari na ruga wurin kafinta, ya saurare ni tsaf, ya ce ko aljanu ne ke masa aiki ba za su gama cikin kwana uku ba, fentin kaɗai sai ya kwana biyu yana bushewa.

Ranar Lahadi na ɗaure takarduna, na tasa maigidan a gaba, muka hau bas zuwa Aujara da sunan mun je duba gwiwar Baba. A hanya na shirya ƙaryata tsaf: zan ce sakatar na da matsala, a ba ni in kai wa kafinta ya gyara, in dawo da ita ranar Talata.

Mun tarar da Baba a ƙofar gida a kan kujerar, dattijai huɗu a kan tabarma a ƙasansa. Ashe duk unguwar ba wanda bai ji labarin kujerar da surukarsa 'yar jami'a ta ƙera masa ba. Na wuce ciki wurin Inna, matarsa. Da ya shigo bayan azahar na durƙusa daga nesa, na sunkuyar da kai, na karanto ƙaryar nan kamar hadda.

Baba ya yi dariya ya ce, "Ai kin makara, 'yata, na riga na gyara." Ya sa aka shigo da ita. Na ɗaga ido na dubi kujerar. Ƙusa ce reras a kowane gefe, irin manyan nan na rufin ɗaki, goma sha biyu cif, na ƙirga. Ashe ranar Juma'a jikoki sun zare sakatun suna wasa, shi kuma ya dawo daga masallaci da baƙi ya zauna da ƙarfinsa, kujera ta baje, ya tafi rigingine, hula gabas carbi yamma. Ya ce, "Kafintocin birni akwai ado, amma ba ƙarko. Abu kaɗan ya wargaje. Na kira na nan garin, na ce ya ɗaure mini ita yadda ko sa ne ya hau ba za ta motsa ba."

Na ce, "An gode, Baba." Abin da na faɗa ke nan, don Allah ku ji. Na tashi na shiga ɗakin Inna, na kifa kai a gado, na fashe da kuka irin mai shessheƙa. Inna ta biyo ni a ruɗe, tana tambaya ko ɗanta ne ya yi mini wani abu ta je ta ci masa mutunci. Da ƙyar na faɗa mata gaskiya. Ta ce, "Yanzu ke saboda Allah, shekara guda za ki zubar a kan kunya? To ni na girme wannan." Ta fita tsakar gida, ina jin ta ta taga. "Malam, kujerar nan da kake ta baza labarinta, jarrabawar yarinyar nan ce gobe. Ninkewar da ka kashe da ƙusa, ita ce karatun."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Maigidan kuwa tuni ya laɓe a zaure. Can Baba ya ce a kawo masa filaya da guduma. Shi da kansa ya zauna a kan turmi, da gwiwar tasa, yana zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya hana kowa taɓawa. Da ya gama ya ce a faɗa mini kujera dai tasa ce, an ba shi a gaban shaida, amma zai ba ni aro, kuma inda kayansa za su ƙafarsa ƙafarsu.

Haka kuwa aka yi. Litinin da safe na shiga aji a Kafin Hausa da akwati mai huji goma sha biyu, surukina da babbar riga yana tsaye a baranda ta wajen taga. Na shimfiɗa, na tayar, na ninke, bakina bai tsaya ba. Sai babbar malamar da ke jagorantar masu dubawa ta gyara tabarau ta ce, "Waɗannan hujojin fa, na mene ne?" Har na buɗe baki zan ce na shan iska ne, sai murya ta shigo ta taga: "Ni na yi su, Malama."

Aka shigo da shi da girmamawa. Baba bai rage komai ba, har yadda hularsa ta yi tsalle sai da ya kwatanta, malamai suna ta danne dariya. Sannan ya nuna sakatun ya ce, "Aikin yarinyar nan ba shi da aibi sai ɗaya. Ta sa makullin a inda hannun yaro ke kaiwa. Abin da za a kai cikin yara kuwa, a ɓoye masa sakata daga ƙasa." Malamar ta juyo ta tambaye ni ko na yarda. Na ce na yarda, na kuma nuna inda zan mayar da su. Ta ce a duk kayan da aka kawo ranar, nawa ne kaɗai aka gwada a gidan mutane, har ya kayar da wani. Na ci, da maki mai kyau.

Muna jiran mota a gindin wata darbejiya, ya buɗe kujerarsa ya zauna, ni ina tsugune can gefe. Bai kalle ni ba ya ce, "Da kin faɗa mini tun a Dutse, ko ƙusa ɗaya ba za ta shiga ba." Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Ni ba kujerar ce ta sa na yi ta faɗa wa mutane ba. Shekara biyu ban da gaisuwa ban taɓa jin kin ce mini komai ba, sai ranar. Na ɗauka har zuciyarki ne."

Wannan maganar ta fi ƙusoshin nan yi mini ciwo, don gaskiya ya faɗa, ba har zuciyata ba ne. Na ce, "Yanzu kam har zuciyata ne, Baba." Karo na farko ke nan da na ɗaga kai na dube shi, na ga yana murmushi.

Baba ya rasu shekarun baya, Allah ya jiƙansa. Abin da na koya a wurinsa bai wuce wannan ba: maganar da ka faɗa don baki kawai, wani da zuciyarsa yake karɓar ta. Tun daga ranar ban sake ce wa mutum abu nasa ne ba sai in na shirya ganin ya fita da shi, kuma in abu ya dame ni ina faɗa da ladabi tun da wuri, ko a gaban wa nake.