Littafin Kawu Umaru da Gara Ta Cinye

Shekara shida ke nan da muka rufe Kawu Umaru a Jega, kuma sai yau na iya faɗin abin da na yi masa.

Masanin tattalin arziki ne. Rayuwarsa ta ƙare a kan tambaya guda: me ke sa arzikin ƙasa ya haɓaka? Abokansa malaman jami'a suna neman amsar a manyan birane, shi kuwa yana tsugune a gonakin Aliero. Yakan ce gari ba ya ci gaba muddin abin da ya noma yana ruɓewa kafin ya kai kasuwa. Shi ya dinga bin manoman Danwarai yana roƙonsu su ɗaga rumbun albasa daga ƙasa, iska ta ratsa ta. Ɗalibansa suna koyar da wannan tunani har yau.

Aikinsa na ƙarshe da hannu ya rubuta shi, da Turanci. Ya miƙo mini, ya ce, “Safiya, ke mai son kalmomi, mayar mini da shi Hausa, a karanta wa masu gonar.” Na karɓa da hannu biyu. Amma a lokacin waƙoƙina ne a gabana, na farin wata da na damina, ina ganin maganar albasa ba ta da ƙamshi. Na zuba takardun a kwali, na ajiye a ƙasa jikin bangon ɗakin ajiya. Mutumin da ya hana a ajiye albasa a ƙasa! Bayan sadakar arba'in na ɗaga kwalin, gindinsa ya zube. Gara ta gama da su.

Da zai ga motocin albasa suna fita lafiya yanzu, na san zai yi murmushi. Ni ce ban san da wane ido zai dube ni ba.

Bara a Maiyama wani dattijo ya tare ni. “Ke ta ɗiyar Malam? Ina littahin da yac ce zai yi muna?”

Na ce, “Yana nan tafe, Baba.”

Ƙarya na yi, Baba. Babu littafi. Abin da ya rage na Kawu yana cikin kawunanku, ku da kuka saurare shi. Zan zo da alƙalami, idan za ku yarda ku faɗa mini.