Ƙaron Tebaram da Katin Baba

Shekarar da yajin aiki ya rufe lakwal, wato makaranta, wata da watanni, ni da na saba tsayuwa gaban allo sai na koma zaman tsakar gida a Tawa, ina yin katin gaisuwar sabuwar shekara. Baba ne ya koya mini tun ina yarinya a garinmu, can wajen Maraɗi. Shi ya sassaƙa mini hatimi a sakaina, hoton kurciya da reshe a baki. In dangwala shi a tawada, in buga a farar takarda, in yanke, in manna a kan kwali mai launi.

Wajen mannawar nan ake gane mai hannu. Kwal, gam ɗin nan na kanti, zafin Tawa na taɓa ta sai ta saki. Kunun fulawa yana kamawa, amma ka gayyato kyankyasai biki ke nan. Ni ƙaro nake jiƙawa, wanda wata mata ke kawo mini daga Tebaram ranar kasuwa. In ya kama ya kama, sai dai takarda ta yage.

A shekarar idon Baba ya kusa tafiya duka. Shi ya sa na yi masa nasa daban: na bi zanen kurciyar da ƙaro, na barbaɗa rairayi mai laushi, yadda zai shafa da yatsa ya gane tsuntsuwarsa. Kwana uku ina fama da shi. Direban motar Maraɗi, ɗan cocinmu ne, ya ce in kai masa tasha kafin mota ta cika.

To, zaɓe ya gabato, kowa ya zama ɗan sandan maƙwabcinsa. Da safiyar ranar da motar za ta tashi, maƙwabciyata ta leƙo ta katanga, ta tambaye ni me nake ta bugawa haka. Na amsa mata da Faransancin lakwal, yadda muka saba kiran katin gaisuwa, na ce kart da bo. Ƙuri'a kuwa bot muke ce mata. Harafi ɗaya ne tsakani, kuma ta ƙaro shi daga aljihunta.

Kafin rana ta yi zafi sai ga wakilin wata jam'iyya na unguwarmu, wani Alhaji, da mutum biyu a bayansa. Ya zauna kan tabarmata ba wanda ya ce masa bisimilla.

"Madan, an ce kina buga kartin zaɓe cikin gidanga. Hiddo mu gani."

Na fito da su duka na baje masa. Ko jinjiri ya san wannan kurciya ce. Amma ya riga ya tara jama'a a ƙofar gida, ina zai fita hannu wofi? Sai ya ce ai abin yana ɓoye tsakanin takardar da kwalin. Na ce ya ɗaga sama ya haska da rana. Ya ƙi. Ya sa farce ya fara ɓantara, ƙaro ya ƙi saki, kati ya yage. Ya ɗauki na biyu. Duk wanda ya yage sai ya ƙara yarda da kansa, wai in ba rashin gaskiya ba me zai sa mutum ya manne takarda haka. Raina ya ɓaci. Aikina mai kyau shi ya zama shaidar laifina.

Har ya kai kan na Baba. Ya jinjina shi a tafi, ya ce wanga ya hi sauran nauyi.

"Alhaji, don Allah ka bar wannan," na ce. "Na mahaifina ne, ba ya gani."

Ya yage shi, daidai wuyan kurciyar. Rairayi ya zubo masa a riga, ya kakkaɓe. Ya miƙe yana cewa sa ido aikinsa ne, ko kalmar haƙuri ba ta fito bakinsa ba. Maƙwabciyar kuma ta ce ita abin da ta ji ta faɗa.

Ba lokacin yin wani, mota na cika. Na sa gida biyun a ambulan na ruga tasha.

Bayan mako direban ya dawo ya ba ni labari. Baba ya haɗa su a kan gwiwa, ya bi rairayin da yatsa tun daga wutsiya har ya zo inda ya yanke, ya tsaya. Ya sa farce a gefen takardar ya gwada ɗagawa, ta ƙi. Bai tambayi wanda ya yaga ba.

"Ka ce mata ta iya jiƙa ƙaro," in ji shi.

Wata sabuwar shekarar ba ta iske shi a duniya ba. Katin ƙarshe da na aika wa ubana ke nan, kurciya mai yankakken wuya, kuma har yau in Alhajin nan ya ba da labarin, dariya yake yi.