Aulis, Wanda Ya Kira Gayyar Ɗaukar Ogan

Kullum kafin motar makaranta ta wuce, Aulis Karppinen ya riga ya share dusar ƙanƙarar da ke matakalar zauren taron ƙauyenmu, ya duba tukunyar ɗumama ɗakuna, ya ɗora kofi. Idan ka gaishe shi, zai ɗaga haɓa kaɗan, shi ke nan an gaisa. A ƙarshen watan nan zai miƙa makullai ya huta. Ni ba mai iya tsayawa gaban jama'a ba ce, shi ya sa na rubuta.

Jaridu sun yi ta labarin dawowar Routasilta, ƙungiyar makaɗan da ta gauraya salon kiɗan jaz da na rok tun kafin a haifi mahaifiyata, waɗanda kiɗansu ɗaya kan yi tsawo har kofinka ya huce ba wanda ya rera baiti. Sun buga hoton kakana Raimo, mai ganguna, da na Tapani, mai kaɗa ogan. Ba wanda ya ambaci Aulis, direbansu na da kuma mai haɗa musu wayoyi.

Ƙungiyar ta watse ne lokacin da Tapani ya tafi kiɗan rawa a jiragen ruwa masu zuwa Stockholm ba tare da sallama ba. Tun daga nan shi da Kaka ba su sake magana ba. Tapani ya bar ogansa, wancan ƙaton akwatin kiɗa na katako mai madannai, Aulis ya hau da shi saman benen rumbunsa ya lulluɓe. Kowace bazara sai ya zuba masa mai, duk da ba wanda ya sa shi.

Bara matasa suka tono tsohon faifansu, masu shirya bikin kiɗa suka aiko da gayyata. Kaka ya ce, "Sai dai Tapani ya fara kirana." Tapani ma haka ya ce. Abin da Kaka bai sani ba, hannun Tapani na hagu ya fara rawa, likita kuma bai ɓoye masa ba: in zai yi kiɗa, ya yi yanzu. Aulis ya sani, amma ba mai kai maganar wani ba ne.

Sai ya kira gayya. A wajenmu mutum zai iya ƙin biki, ya ƙi waya, amma maƙwabci ya ce zo ka kama mini kaya ka ƙi, wannan abin kunya ne. Ya gaya wa Kaka da Tapani, kowa daban, abu ɗaya: ogan zai sauko ran Asabar, shi kuma bayansa ba ya ɗaukar nauyi. Ni na kai Kaka a mota, don haka da idona na gani.

Suka haɗu a ƙofar rumbu, kowa yana kallon takalminsa. Aulis ya ba su igiya, ya sa su gefe ɗaya.

"Sannu a hankali, malam," in ji Tapani a tsakiyar matakala. "Har yanzu gaggawar nan ba ta sake ka ba?"

"Ni ke gaggawa?" in ji Kaka. "Kai ne kullum a baya kamar motar madara."

"To kama da kyau, tsoho."

"Wa ye tsoho? Da wata nawa na girme ka?"

Wannan ce maganarsu ta farko. Da aka shigar da ogan zaure, Tapani ya miƙa hannu zai kunna, don ya gwada ya tafi. Aulis ya ce a'a. Abin da ya kwana cikin sanyi ba a kunna shi nan take, sai ya sha ɗumi raɓar cikinsa ta bushe. Sai yamma. Kafin nan ga miyar kifi, ya kuma hura musu sauna, ɗakin wankan tururi, inda tun muna yara aka hana mu yin rigima.

Ban san abin da suka ce a can ba. Na dai ga a wajen cin abinci cokalin Tapani yana kaɗawa a bakin kwano, na ga Kaka ya kalli hannun, ya kau da kai. Da yamma ogan ya tashi da gurnaninsa. Kaka ya zauna bayan gangunan zauren, ya soma tsohon kiɗansu a hankali fiye da yadda yake a faifai. Tapani ya ɗago.

"Na ga ka rage gudu."

"Gwiwa ce," in ji Kaka. "Kada ka ɗauka don kai na yi."

Haka suka kaɗa shi ranar biki, mutane suna ta cewa sabon salo ne.

Aulis, kai ne ka riƙe abin da masu shi suka yar, ba ka taɓa yi musu gori ba. Kai ne ka san ba a sulhunta irin waɗannan mutane da wa'azi, sai da kaya mai nauyi da jira. Mai haƙurin dutse, ba ka tona asirin mara lafiya ba, ba ka kuma bari lokaci ya ƙure masa ba.

Na gode, a madadin gidanmu. Masu karatu, in kuna da mutum biyu da suka daina magana, kada ku tsaya jiran wanda zai fara kira. Ku nemo musu abin da mutum ɗaya ba zai iya ɗauka ba. Yanzu Kaka ne ke kai Tapani asibiti, kuma Tapani ya ce har gobe tuƙinsa gaggawa ne.