Kawu Ishaya da Jan Fegi

Duk wanda ya san Kawu Ishaya ya san ba a gaishe shi yana cikin tafiya. Ba girman kai ba ne, ƙirga yake yi. Ya san taku nawa ne daga ƙofar gidansa zuwa coci, ya san na coci zuwa wurin mai tsire, kuma in ka yi gangancin ce masa "sannu Baba" a tsakiyar hanya, hannu kawai zai ɗaga maka, leɓɓansa na motsi, sai ya kai inda za shi ya juyo ya amsa. In kuwa ka ɓata masa lissafi, komawa yake yi ya faro daga farko, kuma tare da kai. Ni 'yar ƙanwarsa ce. Shi da matarsa ba su haihu ba, su suka riƙe ni, kuma na sha komawa bakin rijiya da bokiti a kaina saboda na yi magana a taku na saba'in.

A wurin aiki ya ɗauko halin. Shekara talatin ya yi yana leburan hanya, har ya zama heluma, shugaban leburori, kuma babu kwalbatin da ke tsakanin Kafanchan da Fadan Kagoma da ba zai ce maka da hannunsa aka zuba ba. Rabin maganar gaskiya ce. Tef ɗin awo kuwa bai taɓa yarda da shi ba. "Tef yana miƙewa in rana ya yi zafi," in ji shi. "Ƙafana ba ya miƙewa."

Da matarsa Mama Rifkatu ta rasu, a gaban gida ya binne ta yadda mutanenmu suke yi, gefen mangwaro, kusa da titi. Ya ce duk garin babu wanda ya kai ta son ganin wa ya sauka daga mota da abin da ya riƙo, to ga ta ga titi. Da kansa ya zuba kankaren kabarin, ya bar wa kansa fili a damanta daidai tsawonsa. Ba ƙiyasi ya yi ba, kwanciya ya yi ya gwada da rana tsaka, har maƙwabciyarmu ta saki kwano ta fara kuka.

Bayan shekara huɗu aka ce za a faɗaɗa titin ya zama tagwaye. Wasu samari masu hular roba suka zo da na'ura mai ƙafa uku, suna bin gefen hanya suna kafa fegi mai jan fenti. Duk abin da ke tsakanin fegi da kwalta ya zama na titi. Namu fegin a bayan kabarin Mama aka kafa shi. Kawu ya auna sau uku da ƙafarsa, ya ce kabarin ya shiga cikin titi da taku uku.

Bai yi musu da kowa ba. Yana gama awo ya tumɓuke fegin, ya dawo da shi gaban kabarin, ya buga da taɓarya, samarin na zaune ƙarƙashin mangwaronsa suna cin rake. Babbansu ya taso.

"Baba, me ka yi haka?"

"Kun yi kuskure, na gyara muku. Ba sai kun gode ba."

"Baba, na'ura ce fa ta auna."

Kawu ya je ya zagaya na'urar, ya leƙa ta sama da ƙasa. "Na'uran yana da mata?"

"A'a, Baba."

"To shi ya sa."

Kwana huɗu ana haka, su mayar, shi ya dawo da shi. A na biyar suka zo da siminti suka dasa fegin a ciki. Kawu ya tsuguna ya murza kankaren da yatsa, yashi ya zubo. Abin da ya ɓata masa rai ranar ba fegin ba ne, kwaɓin ne. Ya ce da shi ne helumansu, da kafin azahar duk sun koma gidan iyayensu.

Sai aka ce masu abu a cikin layin fegin su je Kafanchan su cike takarda. Ni na raka shi, tunda ni ce malamar makaranta, mai Turanci. Takardar tana da layin katanga, layin rijiya, layin mangwaro, har da na gwaiba. Akawun ofishin ya bi ta da biro daga sama har ƙasa, ya ce babu layin kabari.

"Mangwaro yana da layi?" Kawu ya tambaya.

"Akwai, Baba. Guda nawa?"

"Rubuta biyu. Ɗayan sunan shi Rifkatu."

Akawun ya fara dariya, ya dubi fuskar Kawu, ya daina. Mangwaro ɗaya ya rubuta.

Aikin daga wajen Kafanchan ya faro, a kan gadar da ke kafin ƙauyenmu. Duk Juma'a da yamma sai su jera durom-durom su tare titin, ba za a buɗe ba sai Litinin. Wanda ya zaɓi Asabar da Lahadi, a zaune a ofis ya zaɓa, don a ƙasarmu ranar Asabar ake aure, ranar Asabar ake jana'iza, kuma a ƙarshen mako masu citta suke loda buhunansu. Suka kafa allo mai kibiya yana nuna hanyar kewaye, wadda direbobi suke kira daibashan. A mako na biyu wani ya cire allon ya rufe akurkin kajinsa.

Hanyar kewayen ta bayan gidanmu ta bi, kuma nan ta rabu biyu. Ta dama tana hawa ta cikin gonakin citta ta faɗa wa titi can gaba, wajen mararrabar da ake juyawa zuwa Nok. Ta hagu fadama take gangarawa. Kawu ya ɗauko kujerarsa, da tsohuwar hular aikinsa, da jan ƙyalle a kan sanda, ya zauna a mararrabar. Babu wanda ya naɗa shi. Dokarsa ɗaya ce: direban da ya sauke gilas ya yi sallama, dama. Wanda ya danna hon daga nesa, sai Kawu ya nuna masa hagu da haɓa.

Can ƙasan fadamar Malam Buba yake kiwo, Bafulatanin da suke abota da Kawu tun suna samari, kuma bijimansa biyu sun ƙware wajen jawo mota daga taɓo. Mutane suka fara cewa haɗin baki ne. Malam Buba ya rantse da Allah bai taɓa ba Ishaya komai ba sai nono, shi ma ranar Lahadi kawai. Na ce wa Kawu wannan ba halin dattijon coci ba ne. Ya ce, "Malama, ni tarbiyya nake koyarwa. Ke da alli, ni da taɓo. Wanda ya shiga sau ɗaya, in ya dawo har yara yake gaisarwa."

Wata Asabar wata farar jif ta danna hon sau uku. Kawu ya san ta sarai, ta injiniyan aikin ce, ya kuma nuna mata hagu. Bayan rabin awa ga injiniya a ƙafa, takalmi a hannu, taɓo har gwiwa. Na zaci faɗa za a yi. Kawu ya ba shi kujerarsa, ya sa na kawo ruwa ya wanke ƙafa, sannan ya kama hannunsa ya kai shi gaban gida.

"Ɗana, ga mamanka a nan. Taku uku nake roƙo."

Tunda nake da Kawu ban taɓa jin kalmar roƙo a bakinsa ba sai ranar. Injiniyan ba mugu ba ne, yaro ne mai kunya, kuma ya daɗe yana kallon kabarin. Ya ce zanen daga sama ya zo, ba shi da ikon taɓa shi.

"A zamanina mun lanƙwasa hanya saboda dutsen da mutane suke tsoro," in ji Kawu. "Dutse fa."

"Baba, titin yanzu ba ya lanƙwasawa. Ka yi haƙuri."

Cikin makon aka raba takarda gida-gida. Ni na karanta masa, na fassara masa kalma bayan kalma, ban rage komai ba. Ta ce kowa ya kwashe abin da yake da shi a cikin layi kafin ƙarshen wata, domin katafila za ta iso. Da na sani, da na ce masa takardar allurar rigakafi ce.

Kowa a layinmu ya samu irinta. Mai shago ya naɗe ƙuli-ƙuli da tasa. Maƙwabciyarmu ta ce su zo, tana nan. Ni ma na ce, "Kawu, mu ɗan jira. Watan mutanen nan dogo ne."

"Ke ba ki san hanya ba, Malama. In an kafa fegi, katafila yana bayan shi. Shekara talatin ni ne nake bayan fegi."

Sai ya gaya mini abin da bai taɓa gaya mini ba. Yana sabon lebura, katafila ta taɓa tono ƙasusuwan mutane a gefen wani ƙauye, aka ce a ci gaba da aiki, rana na tafiya. Shi aka sa ya tsince su a kwanon ɗiban kankare. Ya ce har yau bai san na waye ba ne, kuma ba za a tsinci Rifkatu a kwano ba yana da rai.

Ranar Asabar ta ƙarshen watan aka sa za a fasa kabarin a ɗauke Mama. Fasto ya makara da awa biyu, babur ɗinsa ya bi kewaye a bayan tirelar citta. Malam Buba ya zo da farin yadi a naɗe, ya miƙa wa Kawu, ya koma nesa ya tsaya ya dogara da sandarsa. Aka yi addu'a, samarin coci suka ɗauki guduma. Guduma ta dinga dawowa. Kawu ya zuba kabarin nan ne yadda yake zuba kwalbati, da rodi a ciki, siminti ba ƙwauro. Har la'asar ƙusurwa ɗaya kawai suka iya cirewa.

"Kun ga aiki?" in ji shi, yana duban samarin ɗaya bayan ɗaya. "Wannan shi ne aiki." Hawaye na bin gemunsa yana faɗa. Sai ya karɓi gudumar daga hannun ɗayansu. "Na yi shi don kada kowa ya iya fasawa. Ban san ni ne zan fasa ba."

Sai bayan sujada ranar Lahadi aka gama. Mata ba sa kallon irin wannan, ina cikin ɗaki, amma ina jin ƙarar shebur. Aka mayar da Mama bayan gida, wani ɗan lungu tsakanin rumbu da dutse, wurin mutum ɗaya tak. Daga can ba a ganin titi.

Ƙarshen wata ya zo, katafila ba ta zo ba. Wani watan ma haka. Da damina ta yi nisa, muka ga manyan motoci suna fita da injinan kamfanin da ke aikin ɗaya bayan ɗaya, suka nufi inda suka fito. Babu wanda ya zo ya ce mana komai. Gadar tana nan rabi, rodi a tsaye kamar tsinken tsire. Durom ɗin da ake jerawa ranar Juma'a, wata Litinin ba a zo an kwashe su ba, kuma har yau da nake rubutun nan suna nan. Kewayen ya zama shi ne titin. Shagon mai shago yana tsaye, katangar maƙwabciyarmu ko tsagewa ba ta yi ba. A duk layin, daga gada har coci, abu ɗaya ne kawai aka rushe saboda titin nan, kuma mai shi ne ya rushe da hannunsa.

Kawu ya daina zama a mararraba. Direbobi suka yi ta tambayar ina Baba mai jan ƙyalle, har waɗanda ya taɓa turawa fadama. Gaban gida ya koma zama, kusa da wurin da ƙasa ta lotsa, ciyawa na fitowa. Ba ya zagin kowa kuma, shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali. Wata rana na kai masa kunu, ya karɓa bai sha ba.

"Malama, duk garin nan ni na fi kowa zagin su, kuma ni kaɗai na yarda da su."

Na ce, "Kawu, ba laifinka ba ne. Takarda ce ta faɗa."

"Tana barcinta, na tashe ta. A banza."

Na faɗa masa ba laifinsa ba ne ya fi sau ɗari. Fasto ya faɗa, Malam Buba ya faɗa. Bai kai wata damina ba. Da ciwon ya yi tsanani, wasu dangi suka fara raɗa cewa tunda titi bai zo ba, a mayar da Mama wurinta na da, a sa shi a filin da ya gwada wa kansa. Ya ji su. Ya kira ni, ya riƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban san ya rage masa ba, ya ce, "Kada a sake taɓa ta." Wannan karon da "ta" ya kira ta, sarai, shi da Hausarsa ba ta cika raba mace da namiji ba.

Don haka rumbun muka rushe. Ni na fara sa hannu, dawa na ciki, kaji suka taru. Nan ya kwanta, a damanta, a matse, kafaɗarsa na jikin dutse. Har yanzu ina jin haushi, kuma ban san ƙofar da zan kai shi ba, tunda ko sunan wanda ya zana layin nan ban sani ba.

Ya Ubangiji, ka ji ƙan bawanka Ishaya. Ya tashi matarsa daga barci don tsoron abin da bai zo ba, kuma ya mutu bai yafe wa kansa ba. Mu mun gaya masa ba laifinsa ba ne, bai ji ba. Kai ka gaya masa, wataƙila ya ji naka. Ka bar su su kwanta. Amin.